Waiwaye Adon Tafiya: Wa Zai Zagaya da 'Ya'yanmu Ƙauran Namoda, Zurmi da Shinkafi?

Makon nan za mu ɗan jingine batun siyasa, mu duba wata dukiya da ke narkewa a gabanmu kowace damina ba tare da an kafa kwamiti a kanta ba, wato tarihin tsofaffin garuruwanmu na arewacin Zamfara.

A tsakiyar ƙasar Sifaniya akwai wani gari mai suna Abila, wanda mutanensa ba su kai dubu 60 ba. Abin da ya fito da sunansa a duniya shi ne ganuwar dutse da ta kewaye tsohon garin, mai tsawon kimanin kilomita biyu da rabi, da hasumiyoyi fiye da 80 da ƙofofi 9. An fara gina ta wajen ƙarshen ƙarni na 11, kusan zamanin da Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ya fara ginin ganuwar birnin Dabo. A 1985 hukumar UNESCO ta sanya garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya. A irin waɗannan garuruwa, da safe baƙi kan taru a bakin wata ƙofa, ɗan gari ya shige gaba, su bi shi a ƙafa lungu-lungu na awa biyu ko uku. Yana nuna musu inda masu gadi ke tsayawa, da inda kasuwa ta ci a da, da gidan wane da kabarin wance. Idan an gama su biya shi, su ci abinci a garin, su sayi tsaraba, wasu su kwana.

A 2019 baƙi fiye da miliyan 80 suka shiga Sifaniya, kuma wani babban kaso na abin da ke jan su gine-ginen Musulmin Andalus ne, irin fadar Alhamra ta Garnaɗa da babban masallacin Ƙurɗuba. Daular Musulmi ta ƙarshe a can ta faɗi a 1492, amma jikokin waɗanda suka kayar da ita suna nan suna cin abinci da abin da ta bari, domin sun gane cewa gini in babu mai ba da labarinsa tarin duwatsu ne kawai. Wannan ja-goran da ke shigewa gaba, shi ne ran sana'ar.

To, mu dawo gida. Wanda ya tashi daga Gusau ya nufi arewa, ya ratsa Ƙauran Namoda, ya karkata Zurmi ko ya miƙe Shinkafi, yana tafiya ne a kan ƙasar da ta ga sarauta da yaƙi da fatauci na ɗaruruwan shekaru. A ƙasar Zurmi ne Dutsi yake, garin da tarihin baka ya ce nan Zamfarawa suka fara kafa sarautarsu. Ana ambaton sarakunan farko irin su Dakka da Jatau, ana cewa samudawa ne, ana kuma nuna wasu manyan kaburbura da sunansu. Daga Dutsi sarauta ta koma Birnin Zamfara, kusa da Isa ta yanzu, inda ta bunƙasa har ta zama abin tsoro ga maƙwabta. Gobirawa sun shigo ƙasar a matsayin baƙi aka ba su wurin zama, ƙarfinsu ya yi ta ƙaruwa, har a farkon shekarun 1760 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Alƙalawa ta zama babban birnin Gobir. Sarakunan Zamfara suka yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, kafin daga bisani su zauna a Anka.

Gabas da Ƙaura akwai kufan Kiyawa, birni mai ganuwa da ya gagari mayaƙa da yawa. A yaƙin Kiyawa ne Sarkin Gobir Yakubu ya rasa ransa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya shafe kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara tun kafin jihadi, kuma da yaƙi ya ɓarke a 1804, Fulanin Alibawa na wannan yanki suna cikin waɗanda suka amsa kira. Daga cikinsu aka sami Muhammadu Namoda, wanda ya ja rundunar Zamfara a yaƙin da aka ci Alƙalawa a 1808, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Shi ma Namoda a Kiyawa ya gamu da ajalinsa wajen 1810. Garin da ya kafa ne ke ɗauke da sunansa, kabarinsa na nan a cikinsa, kuma har yau sarkin garin Sarkin Kiyawa ake ce masa, kamar yadda ake ce wa na Zurmi Sarkin Zamfara. A cikin waɗannan sunayen sarauta guda biyu kaɗai akwai darasin da zai cika zangon karatu.

Matafiya na ƙetare ma sun bar shaida. Baturen Birtaniya Kilafaton ya bi ta Zurmi a 1824 a tafiyarsa ta ganin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Bajamushen nan Bat, wanda aka sani da Abdulkarim, ya taso daga Katsina a 1853 ya bi ta Zurmi da Dutsi da Badarawa kafin ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Abin da ya rubuta game da Zurmi shi ne gari ne babba da ke zaune a bakin daga, kullum cikin fafatawa da Gobirawa da mutanen Maraɗi. Ashe ganuwar waɗannan garuruwa ba ado ba ce. Da gayya ake gina ta, kowace unguwa da rabonta, a haƙa gwalalo a bayanta, a bar fili a cikinta don noma da dabbobi saboda ranar da za a rufe ƙofa, a naɗa mai tsaron kowace ƙofa wanda zai san mai shiga da mai fita.

Zamanin Turawa ya zo da nasa babi. A 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya iso Ƙauran Namoda, nan kuma ya tsaya. Gyaɗa da audugar da manoman wannan yanki suka noma ta nan aka yi ta lodinsu zuwa bakin teku, kuma ta nan baƙi daga kudu suka shigo suka zauna. Kasuwar Shinkafi da ke ci ranar Alhamis ta zama mahaɗar fatake daga Sakkwato da Katsina da Jamhuriyar Nijar. Ƙasar Shinkafi ce ta haifi Ibrahim Narambaɗa na Tubali, wanda masana adabin Hausa ke rubuta kundin digiri a kan waƙoƙinsa har gobe, Zurmi kuma ta ba mu Kassu, mawaƙin 'yan tauri da mafarauta. Ja-goran Abila da zai sami rabin wannan a hannunsa, da bai rasa abin faɗa wa baƙinsa ba har magariba.

Amma ina duk wannan yake a yau? Ganuwarmu ta ƙasa ce, ƙasa kuwa ba ta yafe sakaci. Dutsen Abila zai iya shekara ɗari babu mai kula da shi ya tsaya, katangar ƙasa in an daina yi mata yaɓe, kowane ruwan Agusta sai ya tafi da rabonsa. Abin da ruwa ya bari, masu ɗibar ƙasar gini sun kwashe, abin da suka rage an yanka shi fulotai ko an shigar da shi gona. Ƙasar ba ita ce mai laifi ba, domin masallacin Jenne a Mali na ƙasa ne, kuma kowace shekara mutanen garin kan fito kwansu da kwarkwatarsu su yi masa yaɓe a rana guda. Hasumiyar Agadas, mai tsawon kimanin mita 27, ita ma ta ƙasa ce, tsohon garin kuma ya shiga jerin UNESCO a 2013. Nijeriya da duk faɗinta wurare biyu kacal take da su a jerin: Sukur a Adamawa tun 1999, da kurmin Osun na Oshogbo tun 2005. Ganuwar Kano ma har yanzu tana layin jira, alhali ana ta cin ta da gine-gine.

Asarar da ta fi ta katanga zafi ita ce ta mutane. Dattijon da ya ji labarin Kiyawa daga bakin kakansa, da tsohuwar da ta san waƙoƙin niƙa da na daɓe, da makaɗin fada da ya haddace jerin sarakuna da kirarin kowannensu, kullum raguwa suke yi. Da yawansu rikici ya raba su da ƙauyukansu, suna raɓe a gidajen 'yan'uwa a Ƙaura ko Gusau, babu mai tambayarsu komai sai lafiya. A ɓangaren boko kuwa, an cire darasin tarihi daga manhajar ƙananan makarantu fiye da shekara goma, sai a 2022 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar dawo da shi. Sakamakon haka muna ganinsa a aji. Za ka tarar da ɗalibi haifaffen Ƙaura, mai kaifin basira, ya san tarihin ƙungiyoyin ƙwallon Madrid da Basalona tiryan-tiryan, amma in ka tambaye shi wane ne Namoda sai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Ban ga laifinsa ba, domin abin da aka kawo masa har cikin wayarsa shi ya ɗauka.

Rubutu kam an yi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba da labarin yaƙe-yaƙen wannan yanki a Infaƙul Maisuri. Wani Bajamushe, Kurt Krieger, ya wallafa tarihin Zamfara da harshensu a 1959. Dokta Garba Nadama, wanda daga baya ya zama gwamnan tsohuwar Jihar Sakkwato, a kan tashi da faɗuwar daular Zamfara ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977. Dokta Yusufu Bala Usman ma ya taɓo Kiyawa a aikinsa kan Katsina. Sai dai wannan ilimi yana cikin Larabci da Jamusanci da Ingilishi, a kan kantocin ɗakunan karatu na Zariya da Sakkwato da Kaduna. Tsakaninsa da yaron da ke wasa a gefen kabarin Namoda akwai tafiya mai nisa, kuma mu malaman jami'a ne ya kamata mu rage ta.

Na san abin da wani mai karatu zai ce, kuma yana da gaskiyarsa: ana kashe mutane, ana sace su a kan hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi, manoma na biyan kuɗi kafin su shiga gonakinsu, yara na kwance a asibitocin Zurmi da Shinkafi saboda tamowa, kai kuma kana maganar yawon buɗe ido? Ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako-mako da makarantu. Wanda ke gudun ransa ba ya tsayawa kallon kufai.

Amsata kashi biyu ce. Na farko, ni ba Turawa masu kyamara nake kira ba, ba kuma na cewa a kwashi yara a kai su daji. Baƙon da nake nufi ɗan gari ne, zagayen kuma a cikin gari, inda mutane ke kai da kawowarsu kullum. Na biyu, zaman lafiya in Allah Ya kawo shi zai tarar da hanya a gyara ta, ya tarar da kasuwa a sake buɗe ta, amma ba zai tayar da dattijon da ya rasu da labarinsa a ciki ba, ba zai kuma mayar da katangar da aka riga aka yi bulo da ita ba. Akwai aikin da ke jiran lafawar ƙura, akwai wanda in an jira an rasa shi ke nan.

Akwai kuma wani dalili da ya fi waɗannan nauyi. Rikicin da muke ciki ya haifar da masu sayar da gurɓataccen tarihi a Facebook da TikTok, masu raba mutanen yankin nan gida biyu, Hausawa da Fulani, kamar ba su taɓa haɗa jini ko maƙabarta ba. Yaron da bai san komai ba shi ne kasuwarsu. Wanda aka zagaya da shi aka nuna masa cewa Gobirawa ne suka ci Birnin Zamfara shekara arba'in kafin jihadi, cewa a rundunonin jihadi akwai Hausawa da Fulani, a cikin masu adawa da shi ma haka, cewa Bafulatanin Alibawa ne ke amsa sunan Sarkin Zamfara a Zurmi, cewa Katsinawa da Buzaye da Barebari duk sun zuba zuriya a waɗannan garuruwa, zai yi wuya a ruɗe shi da labari mai layi ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, jahiltar asali kuwa babbar tsaga ce.

Ga yadda nake ganin za a fara, kuma Ƙauran Namoda ta fi dacewa da gwaji. Ranar Asabar da misalin ƙarfe bakwai na safe, kafin rana ta yi zafi, ɗalibai ashirin ko talatin na makarantar sakandare guda su hallara a ƙofar fada tare da malaminsu. Wani daga cikin masu riƙe da sarautun gargajiya ya yi musu bayanin ma'anar sunan Sarkin Kiyawa da aikin kowane basarake a fada. Daga nan a taka zuwa kabarin Namoda, a yi masa addu'a, a ba da labarin Alƙalawa da Kiyawa. A bi ta tsofaffin unguwanni, a tsaya wurin maƙeri ko majemi ko magini da ya gaji sana'arsa, yara su ga aikin da idonsu su yi tambaya. Duk inda aka san ganuwa ko ƙofa ta taɓa tsayawa a nuna, ko da yanzu shago ne a wurin. A biya ta tashar jirgin ƙasa a yi maganar gyaɗa da auduga da harajin Turawa, a kuma yi maganar Gulbin Gagare, domin a fahimci abin da ya sa mutanen da ba su kafa gari nesa da ruwa da fadama. Kafin ƙarfe goma an watse, kowa ya sha kunu ya kama gabansa. Gani ya kori ji.

Zurmi da Shinkafi za su iya tsara nasu a cikin gari gwargwadon yadda hali ya ba da dama, da shawarar masarauta da jami'an tsaro. Dutsi da kufan Kiyawa su jira ranar da hanya za ta yi kyau. Kafin nan, dattawan da suka fito daga waɗannan wurare suna tare da mu, kuma wayar hannu ta isa a naɗi muryarsu. Ɗalibi guda in ya zauna da tsoho guda na awa biyu, ya rubuta abin da ya ji da Hausa, ya ajiye kwafi a fada da ɗakin karatu, ya yi aikin da babu kwangilar da za ta yi shi bayan shekara goma.

Sharaɗin ja-gora shi ne gaskiya. Ja-gora ba maroƙi ba ne, aikinsa daban da na mai kirari. Inda ruwayoyi suka saɓa, ya faɗi cewa sun saɓa: ga abin da fada ke cewa, ga abin da zuriyar waɗanda aka ci da yaƙi ke cewa, ga abin da aka rubuta. Labarin samudawan Dutsi a ba da shi a matsayin abin da kakanni suka faɗa. Kada a ɓoye cewa an yi bauta, an kama mutane an sayar, an ƙone garuruwa, domin yaron da aka ba tarihi mai zaƙi zalla, ranar da ya ji ɗacin daga bakin maƙiyi sai ya zubar da duka. Masu fargabar kada ziyarar kaburbura ta koma neman tabarraki, damuwarsu abar dubawa ce, maganinta kuwa a sa malamai cikin tsarin tun farko. Addininmu da kansa ya yi umarni da a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance, kuma babu wa'azin da ya kai tsayawa a kufan birnin da ya taɓa gagarar sarakuna.

Wa zai ɗauki nauyi? Masarautun Ƙaura da Zurmi da Shinkafi su ne iyayen tafiya, domin a hannunsu labarin yake, su ne kuma za su iya hana a yanka abin da ya rage na ganuwa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, wadda aka kafa tun 1983, tana da ɗalibai da malaman da za su iya auna wuraren nan su zana taswirarsu a matsayin aikin kammala karatu. Jami'ar Tarayya ta Gusau ta horar da matasa goma ko ashirin aikin ja-gora, ta kuma fitar da ɗan littafi da Hausa, da boko da ajami, wanda bai wuce shafi talatin ba. Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi su kewaye wuraren, su kafa alluna, su nemi Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta yi musu rajista don doka ta kare su. Kuɗin da duk wannan zai ci bai kai na motar babban jami'i guda ba. Attajiran yankin da ke zaune a Abuja da Kano da Legas ma ga inda za su sa hannu sunansu ya daɗe.

Jihar Zamfara da aka ƙirƙira ranar 1 ga Oktoba, 1996, sunan tsohuwar daula ta ara, kuma wanda ya ari suna ya ɗauki amanar mai shi. A yau in an ambaci Zurmi ko Shinkafi a rediyo, kowa ya san irin labarin da zai biyo baya. Yaran da aka haifa cikin shekarun nan ba su san garuruwansu da wani suna ba sai wannan. Haƙƙinsu ne a kanmu mu kama hannunsu mu nuna musu cewa kakanninsu sun ga kwanakin da aka rufe ƙofofi aka kwana a kan ganuwa, suka kuma ga ranar da aka buɗe aka koma gona da kasuwa. Ina kira ga shugabannin makarantun sakandare na Ƙaura da su fara tuntuɓar fada tun wannan zango, kada a jira wasiƙa daga Gusau.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.